Kundin aikin ɗakin kwamfuta: daga kebul zuwa sunaye

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau aka damƙa mini makullin ɗakin kwamfuta na wata sakandare mai zaman kanta a nan Kano. Buƙatar Hajiya mai makarantar ba ta da tsawo: kafin azumi kowace kwamfuta ta hau intanet, kuma data ta daina ƙarewa tun wata bai raba ba.

Abin da na tarar: kwamfutoci 18 masu Ubuntu 24.04, suwic (akwatin da ke haɗa kebul ɗin kwamfutoci) mai rami 24, modem na 4G guda ɗaya, sai wata tsohuwar kwamfutar tebur a lungu da ƙurar hunturu ta lulluɓe. Ita na fi sa wa ido. Ram ɗinta giga 4 ne, ya ishe ta ta zama rauta har da saura.

Ba zan jona modem kai tsaye da suwic ba. Wannan tsohuwar za ta zama sabar ɗakin, ta zauna a tsakani: ita za ta raba adireshi, ta amsa tambayar sunaye (wato ta faɗi adireshin da ke bayan sunan shafi), ta ajiye abin da aka riga aka sauke don kada a saye shi da data sau 18. Na biya Beirut Road na sayo katin sadarwa na biyu, na hannu, N8,000, kawunan kebul na RJ45 leda guda N6,000, da na'urar gwada kebul N7,500.

Litinin, 13 ga Janairu

Na kaɗe ƙura, na sa kati, na ɗora Debian 12, wani nau'in Linux, ba tare da tebur mai hoto ba. Katunan sun fito da sunayen enp2s0 da enp3s0. Da `ethtool -p enp2s0` fitilar ramin ta yi ta ƙyaftawa, na gane wane ne wane, na manna takarda a bayan akwatin: na sama modem, na ƙasa ɗaki.

Laraba, 15 ga Janairu

Yini guda ya tafi a kan layi biyu.

Wanda ya fara haɗa ɗakin a shekarun baya ya rubuta wa kowace kwamfuta adireshi da hannu, daga 192.168.1.11 zuwa 192.168.1.28. Na fara gwada barin su a haka, na ba sabar 192.168.1.254 ta ɓangaren ɗaki. Sabar kanta tana hawa intanet lafiya lau. Amma daga kowace kwamfutar ɗalibai, ko ɗan saƙon gwaji na `ping` zuwa sabar ba ya dawowa. Fitilun suwic kore ne, kebul ya ci gwaji, katangar tsaro ma ban kunna ba tukuna.

Na buɗe `tcpdump`, mai nuna saƙonnin da ke wucewa, a tagogi biyu, ɗaya a kan kowane kati. A enp3s0 ga saƙon kwamfuta ta 11 yana shigowa duk daƙiƙa. Amsa babu. A ɗaya tagar kuwa, ta ɓangaren modem, sabar ce ke ta cigiya: wa ke da 192.168.1.11? Wato saƙo ya shigo ta ƙofar gida, ita kuma tana neman mai shi a bakin titi. `ip route` ya fayyace komai:

```
default via 192.168.1.1 dev enp2s0
192.168.1.0/24 dev enp2s0
192.168.1.0/24 dev enp3s0
```

Modem ɗin ma a 192.168.1.1 yake zaune, unguwa ɗaya da ɗakin. Linux idan zai aika ƙunshi, wato gutsuren saƙo, yana duba teburin hanyoyi ya ɗauki layin da ya fi dacewa da adireshin daki-daki. In biyu suka yi kunnen doki sai ya duba lambar fifiko, in ita ma ɗaya ce sai ya bi na farko. Na farkon nan shi ne na modem. `ip route get 192.168.1.11` ya faɗa ƙarara: dev enp2s0. Wannan umarnin ya cancanci kowa ya haddace shi, domin maimakon ka yi ta hasashen ina ƙunshi zai bi, kana tambayar na'urar ne ta gaya maka da bakinta.

Ana iya canja adireshin modem, amma ranar da wani ya danna maɓallin mayar da shi yadda ya fito daga kamfani, rikicin zai dawo. Ɗakin na kwashe gaba ɗaya zuwa 10.20.0.0/24, sabar ta zama 10.20.0.1. Na sa dnsmasq, manhajar raba adireshi da amsa sunaye, ya riƙa raba adireshi daga 10.20.0.50 zuwa 10.20.0.200, na bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya na goge na hannun. Wani ɗalibi ɗan aji shida ya tsaya bayan an tashi ya taya ni, hannunsa da sauri.

Asabar, 18 ga Janairu

Kwamfutoci suna ganin sabar, sabar tana ganin duniya, amma ba ta wuce da saƙon kowa. Haka Linux yake tun asali: ba ya tura ƙunshin da ba nasa ba sai an ce masa. Na rubuta `net.ipv4.ip_forward=1` a wani fayil cikin /etc/sysctl.d/.

Bayan haka ƙunshi ya fara fita ta enp2s0, ɗauke da adireshin 10.20.0.57, amma amsa shiru. Modem bai san wata unguwa mai suna 10.20.0 ba, balle ya san ta inda zai mayar. Maganin shi ne sabar ta shafe adireshin mai aikowa ta sa nata, ta riƙe lissafin wa ya aiko da me. A nftables, katangar tsaron Linux, layi ɗaya ne cikin sarƙar postrouting: `oifname "enp2s0" masquerade`. Ina danna shi, shafin farko ya buɗe a kwamfuta ta 3.

Kafin na tafi na zare wutar sabar da gangan na mayar. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, saitin da bai tsira daga kashewa da kunnawa ba, ba a gama shi ba. Ya tsira.

Talata, 21 ga Janairu

Aikin kebul. Biyu sun tsinke a ƙarƙashin benci, na sayo mita 40, N16,000. Wata kwamfuta kuma `ethtool` ya nuna tana gudu a megabit 100 maimakon 1000. Na ɗaga kan RJ45 ɗin a hasken taga: siririyar waya mai ruwan ƙasa ba ta kai ƙarshe ba, haƙorin tagulla ya ciji iska. Gudun 100 wayoyi huɗu kawai yake nema, na 1, 2, 3 da 6, shi ya sa take aiki. Gudun 1000 sai duka takwas. Na yanke na sake matsewa.

Jiya hukumar sadarwa ta NCC ta sanar da amincewa da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Hajiya ta aiko a tambaye ni ko hakan zai shafe mu. Zai shafe mu.

Asabar, 25 ga Janairu

Jiya aji na farko ya shiga cike, kuma kafin rabin darasi aka aiko: intanet ta mutu. Ba ta mutu ba. `ping 1.1.1.1` yana tafiya yana dawowa. `ping debian.org` ne ke cewa Temporary failure in name resolution. Hanya a buɗe take, mai faɗin adireshin suna ne ya yi shiru.

Yaron nan ya riga ni buɗe /etc/resolv.conf a wata kwamfuta, ya kira ni: “Malam, ga matsalar. An rubuta 127.0.0.53, ai wannan ba adireshinmu ba ne.” Na ji daɗin inda ya duba, ko da yake ba nan ba ne. A Ubuntu wannan lambar ta systemd-resolved ce, wani ɗan aike da ke zaune cikin kwamfutar kanta, shi ke karɓar tambaya ya kai gaba. In kana son sanin wa yake kai wa, `resolvectl status` za ka tambaya. Ya nuna 10.20.0.1, daidai.

To, sabar fa, wa take tambaya? In ba a hana shi ba, dnsmasq yana karanta resolv.conf na sabar ya ɗauki abin da ya tarar, kuma abin da ke ciki shi ne 192.168.1.1, wato modem. Yau na kunna duka kwamfutocin na sa aka yi ta buɗe shafuka, na zauna ina tambayar sunaye kai tsaye da `dig @192.168.1.1` da `dig @1.1.1.1` bi da bi. Na biyun bai taɓa fashi ba. Na farkon, da cunkoso ya yi yawa, sai ya fara jinkiri, daga nan ya ɗauke wuta ɗif. Ƙaramin modem ne da aka yi wa gida mai waya huɗu ko biyar; shafi ɗaya na labarai yana iya jawo tambayar sunaye gommai, a ninka da aji guda.

Na cire shi daga wannan aikin:

```
no-resolv
server=1.1.1.1
server=9.9.9.9
cache-size=5000
```

Ma'ajiyar dnsmasq suna 150 kawai take riƙewa in ba a ƙara ba, wanda bai kai wa aji ko'ina ba.

Saura sabar kanta. Na rubuta 127.0.0.1 a resolv.conf ɗinta don ita ma ta riƙa tambayar dnsmasq, bayan wani lokaci na tarar adireshin modem ya koma. Aikin dhclient ne, manhajar da ke karɓo wa sabar adireshi daga modem: duk sanda ya sabunta hayar adireshi sai ya sake rubuta fayil ɗin. Shawarar da ta fi yawo a wannan gaɓar ita ce a kulle fayil ɗin da `chattr +i`. Ban yarda da ita ba ko kaɗan. Tana aiki yau, amma wanda zai gaje ni zai zo ya tarar da fayil da ko mai cikakken iko bai iya gyarawa, ba kuma abin da zai nuna masa dalili. Mai rubutun aka sani, shi za a yi wa magana. Layi ɗaya a /etc/dhcp/dhclient.conf: `supersede domain-name-servers 127.0.0.1;`

Laraba, 29 ga Janairu

Da safe kwamfutoci biyar ba sa fita, sauran lafiya. Aka kashe aka kunna, sai wasu daban suka kamu, biyu daga na farkon suka warke. Ciwon da ke yawo haka ba na kebul ba ne. `ip -br addr` a kan wadda ta kamu ya nuna 192.168.0.104. Ba ni na ba ta wannan ba.

A sabar na sa `tcpdump -v -ni enp3s0 port 67 or port 68`, na sake kunna kwamfutar. Kwamfuta in ta tashi shela take yi tana neman adireshi, kuma galibi tayin da ya riga isowa take karɓa. Sannan ta sake shela ta faɗi na wa ta karɓa. A nan na ga Server-ID 192.168.0.1. Akwai mai rabo na biyu a ɗakin.

Na bi kebul ɗin da ban sani ba daga rami na 23, ta saman taga, har ofishin malamai. Ƙaramar rauta mai eriya biyu a kan kabad. Malamin lissafi ne ya kawo ta daga gida. “Malam, wallahi taimako na yi niyya, don malamai su samu a wayoyinsu.” Na ce masa niyyar ta yi, kuma ba sai an cire ba. Muka shiga saitinta tare, muka kashe rabon adireshi, muka ba ta 10.20.0.2, kebul ya zauna a ramin LAN. Yanzu malamai suna da Wi-Fi, mai rabo kuma ɗaya ne.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na ɗora Kiwix, manhajar karatu ba tare da intanet ba, a sabar da kwafin Wikipedia ta Hausa da ta Turanci mara hotuna, ɗalibai su yi bincike ba tare da an taɓa data ba. A jikin bango akwai tsohuwar takarda da ke cewa a shiga laburare.local, ɗalibai sun saba da sunan, sai na rubuta shi a dnsmasq.

`dig @10.20.0.1 laburare.local` ya kawo amsa nan take. Burauza ta ce ba ta san shi ba. `getent hosts laburare.local` bai ce komai ba. Wannan bambancin shi ne darasin yau: dig kai tsaye yake zuwa wurin sabar sunaye, amma sauran manhajoji suna bin jerin da ke cikin /etc/nsswitch.conf, kuma getent ne ke bin sahunsu. Layin ya ce:

```
hosts: files mdns4_minimal [NOTFOUND=return] dns
```

Duk suna irin wannan mai ƙarewa da .local, mDNS ake miƙa wa, wato a yi shela a cikin ɗaki ko akwai na'urar da ke amsa sunan. In ba a samu ba, umarnin da ke cikin baka ya ce a tsaya nan, kada a ƙarasa wurin dns. Ba kuskure ba ne, ƙa'ida ce: takardar ƙa'idar intanet RFC 6762 ta 2013 ta keɓe .local don wannan aikin, da shi firinta ke bayyana kanta ba tare da an saita komai ba.

Zan iya gyara layin a kwamfutoci 18, amma wayoyin malamai fa, da duk kwamfutar da za a kawo gobe? Sunan ne ya kamata ya kauce. RFC 8375 ta 2018 ta ware home.arpa don ƙananan hanyoyin sadarwa na cikin gida, a 2024 kuma hukumar sunayen intanet ICANN ta keɓe .internal don amfanin cikin gida. Na ɗauki laburare.home.arpa, na ƙara `local=/home.arpa/` don kada tambayarsa ta fita waje. An cire tsohuwar takarda an manna sabuwa.

Talata, 4 ga Fabrairu

apt-cacher-ng, mai ajiye sabuntawar da aka riga aka sauke, ya hau sabar, yana sauraro a tasha ta 3142. Kwamfutar farko ta sauke sabuntawa daga waje, sauran 17 suka ɗiba daga sabar. Ba wani abu kuma.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Wannan ce ta fi wahalar kamawa, domin ba ta da saƙon kuskure. Tun tsakiyar mako wasu shafuka ke buɗewa, wasu kuma su tsaya suna juyawa har a gaji. Sunan yana samuwa, `ping` yana dawowa, haɗuwar ma tana ƙulluwa. `curl -v` ya nuna an gaisa da sabar can, an aika buƙatar fara ɓoye zance, sai tsit daidai lokacin da takardar shaidarta za ta iso. Ƙananan saƙonni suna wucewa, manya suna ɓacewa.

Kebul na Ethernet yana ɗaukar ƙunshi har bayit 1500. In aka cire 28 na kan IP da ICMP (nau'in saƙon da `ping` ke amfani da shi), saura 1472. Na aika `ping -M do -s 1472 1.1.1.1`, ma'ana kada a gutsuttsura shi a hanya. Bai dawo ba, ba kuma wanda ya ce ya yi girma. Na yi ta ragewa har ya wuce a 1372. A tara da 28, hanyar 1400 take ɗauka a yanzu.

Kamar babbar mota ce da aka yi wa lodi ya fi tsayin gada: ya kamata mai tsaron gadar ya aika wa mai kaya cewa a rage. A tsarin IP akwai wannan saƙon, ICMP nau'i na 3 lamba ta 4. A wani wuri tsakaninmu da duniya ana zubar da shi, don haka mai aikowa yana ta sake turo lodin da ba zai taɓa wucewa ba. Wannan ya sa nake jin takaicin masu toshe ICMP gaba ɗaya da sunan tsaro. Abin da suke karyawa ba a gidansu yake bayyana ba, a ɗakin wasu yara ne da ke jiran shafi ya buɗe.

Ba ni da iko da hanyar kamfani, amma ina da iko da gaisuwar farko. A nan ne kowane ɓangare ke faɗin girman gutsuren da zai iya karɓa. Sabar za ta gyara lambar yayin wucewa: 1400 a cire 40 na kan IP da TCP, saura 1360. A sarƙar forward:

```
tcp flags syn tcp option maxseg size set 1360
```

Akwai salon da ke cewa `rt mtu` a maimakon lamba, amma a nan ba zai yi ba, don katin da ke kallon modem 1500 yake gani. Matsatsin yana can gaba. Shi ma katin na rage shi zuwa 1400 saboda abin da sabar ke saukewa da kanta. Shafukan da suka maƙale duk sun buɗe kafin la'asar.

Talata, 11 ga Fabrairu

An kwana ba wuta. Da safe kwamfutoci shida suna ƙin kowane shafi mai https, apt mai sauke sabuntawa kuma yana cewa fayil ɗin bai fara aiki ba tukuna. Agogonsu ya koma shekarun baya, takardun shaida duk sun zama na gobe a wurinsu. Ɗan batirin agogo da ke cikin akwatin kwamfuta ne ya mutu. CR2032 guda shida, N3,000. Na kuma sa chrony a sabar da `allow 10.20.0.0/24` da `local stratum 10`, kwamfutocin su riƙa saita agogo daga gare ta ko da babu intanet.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Hajiya ta kawo modem na biyu da layin wani kamfani, don ranar da sabis ya gudu. Ramin kati ya ƙare, na sayo na USB, N9,000. Sunansa ya fito da enx da dogon jerin lambobi. Na ba hanyar farko fifiko 100, ta biyu 200, ƙaramar lamba ce ke gaba. Na ƙara shi a dokar masquerade.

Da na zare kebul ɗin modem na farko na kashe katin, zirga-zirga ta koma ta biyu. Amma ba haka sabis ke mutuwa a zahiri ba. Data ta ƙare ko eriya ta faɗi, kebul tsakanin sabar da modem yana nan da ransa, hanyar mai lamba 100 tana nan a tebur, Linux kuma zai ci gaba da zuba ƙunshi a cikinta. Sai an sa mai leƙawa. Na rubuta ɗan gajeren shiri da ke aika `ping -I enp2s0` zuwa adireshi biyu na waje duk minti, in duka suka ƙi sai ya mayar da fifikon hanyar 300, in suka dawo ya dawo da ita. Na gwada ta hanyar cire layin daga modem alhali yana kunne. Ya juya.

Na so in riƙa shiga sabar daga gida, amma shafin modem ya nuna adireshinsa na waje yana cikin 100.64.0.0/10. Wannan yanki ne da RFC 6598 ta ware a 2012 don kamfanoni su cusa masu layi da yawa a bayan adireshi ɗaya, tunda IPv4 bai wuce kusan biliyan 4.3 ba kuma rumbun adireshi na hukumar IANA ya ƙare tun Fabrairun 2011. Buɗe tasha a modem ba zai amfana komai ba. Sai dai sabar ta fita da kanta ta ƙulla ɓoyayyar hanya da wata na'ura mai adireshin fili.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Wata malama ta kawo wayarta: intanet na yi, laburare ba ya buɗewa. A saitin Android an rubuta sunan wata sabar waje a Private DNS, don haka wayar ba ta tambayar dnsmasq sam, sabar waje kuma ba ta san home.arpa ɗinmu ba. Muka mayar da shi na atomatik, ya buɗe.

Sauran yinin na zauna da yaron nan da malamin kwamfuta. Na riƙa ɓata abu ɗaya ina fita, su nemo. Ƙa'idar da muka rubuta a bango ita ce kafin a kira kamfani a tambayi na'urar abu huɗu a jere: kebul na da rai, adireshin ya fara da 10.20.0, `ping` yana kaiwa 10.20.0.1 sannan 1.1.1.1, `getent hosts` yana kawo amsa. Na sauya wa wata kwamfuta ƙofar fita zuwa 10.20.0.9, yaron ya kamo ta a tambaya ta uku, ya buga `ip route` ba tare da na ce masa ba.

Kuɗin kaya zuwa yau N49,500, ban da data da modem na biyu. Fayilolin saiti duka na kwafe a filashi biyu, ɗaya a ofishin Hajiya.

Abin da ya rage: ƙaramin UPS don sabar da suwic da modem, na ba da farashi ana dubawa, vnstat don a ga abin da kowane layi ke ci a wata kafin a zaɓi sabon tsarin data, sai ɓoyayyar hanyar nan ta shiga daga gida da manhajar WireGuard, aikin da zai jira a amince da kuɗin hayar saba ta waje. Shi ma sai na auna girman ƙunshinsa, domin 1420 da yake ɗauka a hanya mai 1500 ba zai wuce ta 1400 ba. Ranar Talata zan koma in sa vnstat.